Me Wasan Kwaikwayo Zai Iya Yi A Gidan Da Ba A Murnar Haihuwar 'Ya Mace?

Tambaya: Na ji cewa 'yan asalin Punjab mazauna Kanada da Birtaniya da Amurka suna shirya wasannin kwaikwayo a unguwanninsu domin yaƙi da fifita ɗa namiji da zubar da cikin 'ya mace. Shin matsalar ta bi su har can ne, alhali ba cikin talauci suke ba? Kuma wasa zai iya abin da doka da wa'azi suka kasa?

Amsa: Malama, ɓangaren farko na tambayarki amsarsa gajera ce: ƙwarai matsalar ta bi su, kuma rajistar haihuwa ta ƙasashen da suka zauna ce ta tona ta. Ɓangare na biyu ne yake son a zauna a kansa, domin akwai aiki guda ɗaya da wasan kwaikwayo ya fi kowace hanya iya yi, wato ya ɗauko maganar da matar ɗa ba ta da bakin faɗa a cikin gida ya faɗe ta a gaban uwar mijinta da mijinta da maƙwabta. Amma wasa ba ya raba gado, ba ya soke kayan aure, alhali a can saiwar abin take.

A ko'ina a duniya, idan ba a sa hannu ba, ana haihuwar maza kimanin 105 duk lokacin da aka haifi mata 100. Indiya kan juya lissafin, ta ƙirga 'yan mata nawa ne a gefen yara maza 1,000 waɗanda ba su kai shekara 7 ba. A ƙidayar 2001 ƙasar baki ɗaya ta samu 927, jihar Punjab ta samu 798, gundumar Fatehgarh Sahib kuwa ta faɗo har 766. Zuwa 2011 Punjab ta ɗan farfaɗo zuwa 846. Punjab kuwa ba jihar yunwa ba ce, tana cikin rumbunan alkama da shinkafar Indiya. Tun 1987 masaniyar ƙidayar jama'a Monica Das Gupta, wadda ta yi bincike a ƙauyukan gundumar Ludhiana, ta nuna cewa 'yar fari ba ta cika shan wariya ba, waɗanda suka biyo bayanta su ne suke mutuwa fiye da kima saboda ƙarancin kulawa, kuma abin ya fi tsanani a wurin iyaye mata masu karatun boko, domin su ne suka rage yawan haihuwa ba tare da gidajensu sun rage kwaɗayin ɗa namiji ba. Da na'urar ɗaukar hoton ciki ta bazu daga shekarun 1980, sai wariyar ta tashi daga bayan haihuwa ta koma kafin haihuwa.

Wannan tsarin ne ya sake bayyana a ƙetare. A 2007 Sylvie Dubuc da David Coleman na Jami'ar Oxford sun gano cewa a Ingila da Wales, tsakanin 1990 da 2005, matan da aka haifa a Indiya suna haihuwar maza kimanin 113 a gefen mata 100 daga haihuwa ta uku zuwa sama. A 2008 Douglas Almond da Lena Edlund sun duba ƙidayar Amurka ta 2000, suka ga cewa a gidajen 'yan asalin Indiya da Sin da Koriya da suka fara da mata biyu, maza a haihuwa ta uku sun fi mata da kusan rabi. A Kanada hoton ya fi fitowa sarai. Binciken da Marcelo Urquia ya jagoranta, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa a lardin Ontario matan da aka haifa a Indiya masu 'ya'ya mata biyu sun haifi maza 196 a gefen mata 100 a karo na uku, sannan binciken da ya biyo baya a 2017 ya nuna cewa a wurin masu magana da Punjabi adadin ya kai 240, kuma daɗewar zama a Kanada bai gyara shi ba.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan alƙaluman sun shafi wani ɗan yanki ne na gidaje, wato waɗanda suka haifi mata biyu kuma suka sake neman haihuwa. Mafi yawan iyalan Punjabi ba su taɓa yin haka ba, shi ya sa idan aka haɗa dukkan haihuwa wuri ɗaya gibin yakan ɓace. Sai dai zubar da cikin shi ne ƙarshen igiyar. Gidajen da ba su kai can ba amma ake yi wa mai jego fuskar ta'aziyya idan ta haifi mace sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Dalilan ba su da alaƙa da yawan kuɗin da ke aljihu. Mafi yawan masu ƙaura sun fito ne daga gidajen manoma, musamman Jat, wato dangin manoma masu gonaki, na yankin Doaba a Punjab, wajen Jalandhar da Hoshiarpur, inda gona da sunan gida suke bin ɗa namiji, 'ya mace kuwa ana kallon ta a matsayin dukiyar wani gida da aka ba ka ajiya. Dokar gado ta Indiya ta 1956, da gyaran da aka yi mata a 2005, sun ba 'ya mace haƙƙi a dukiyar iyali, amma mata da yawa sukan yafe rabonsu don kada su rasa ƙofar gidan 'yan'uwansu maza. Ga kuma kayan auren da iyayen amarya suke kai wa gidan ango, waɗanda doka ta hana tun 1961 amma ba su daina ba. Bahaushe zai fi gane su idan ya tuna kayan ɗaki da gara, sai dai a can dangin ango suna iya gindaya su a matsayin sharaɗi, kuma hidimar ba ta ƙarewa da biki, tana biyo kowace haihuwa da kowane sha'ani. Ƙaura ba ta rage wannan nauyin ba, domin angon da yake da takardun zama a Kanada ko Birtaniya kasuwarsa ta fi tsada. Sannan amaryar da aka ɗauko daga ƙauye aka kawo Surrey ko Brampton a Kanada, ko Southall a Landan, takan zauna ne a gidan iyayen miji, ba ta da Turanci sosai, ba ta da danginta kusa, sau da yawa ma zamanta a ƙasar a hannun mijin yake. Likita Sunita Puri, wadda ta yi hira da mata 65 'yan asalin Indiya a Amurka waɗanda suka nemi zaɓen jinsin ɗa, ta ruwaito a 2011 cewa kashi 40 cikin 100 sun taɓa zubar da cikin 'ya mace, kuma da yawansu sun ba da labarin matsi daga uwar miji da miji, har da zagi da duka da hana abinci.

Abin da ya sa wa'azi da doka ba su wadatar ba shi ne babu wanda yake kare wannan ɗabi'a a fili. Addinin Sikh, wanda mafi yawan waɗannan iyalai suke bi, ya hana mabiyansa hulɗa da mai kashe 'ya mace, kuma a Afrilun 2001 Akal Takht, babbar kujerar hukunci ta addinin a Amritsar, ta fitar da umarni kan zubar da cikin mata. Indiya ta haramta bayyana jinsin ɗan tayi da dokar 1994, ta ƙara mata ƙarfi a 2003. Kanada ta hana zaɓen jinsi a dashen ƙwai a 2004. Idan kika tara mutane 300 a zaure kika tambaye su ko 'ya mace da ɗa namiji daidai suke, duk za su ɗaga hannu, har da tsohuwar da jiya ta ce wa matar ɗanta a sake gwadawa. Don haka wasan da ya zo ya sanar da jama'a cewa zubar da 'ya mace laifi ne bai kawo labari ba. Za a yi masa tafi, a ci abinci, a watse.

Masu shirya wasannin nan ba daga sama suka faɗo ba, gado suka tarar. Punjab tana da 'yan barkwancin gargajiya, naqqal da bhand, waɗanda al'ada ta yarje musu su yi wa mai gona da mai mulki shaguɓe a gabansa, kuma mata suna da rawar giddha, inda a cikin baitoci ake kwaikwayon uwar miji da miji ana dariya. Gursharan Singh, wanda ya rasu a 2011, ya kafa ƙungiyarsa a Amritsar a 1964, ya shafe shekaru da dama yana bin ƙauyuka da wasanni marasa kayan ado, kuma an san shi da nacewa a kan mata su fito su zauna cikin 'yan kallo. A Delhi, ƙungiyoyin mata sun fara wasannin kan titi a 1979 a kan kisan amare saboda kayan aure, a daidai zamanin da ɗan wasan kwaikwayo Safdar Hashmi da ƙungiyar Jana Natya Manch suke wasa a bakin masana'antu. A Kanada, ƙungiyar Vancouver Sath, wadda marubuci Sadhu Binning yake cikin waɗanda suka kafa ta a farkon shekarun 1980, ta riƙa yin wasanni da Punjabi a kan wahalar leburorin gona da halin da mata suke ciki a gidajen aure. Saboda haka a farkon shekarun 1990, lokacin da wani likita daga Amurka ya buɗe ɗakin ɗaukar hoton ciki a Blaine, garin da ke bakin iyakar jihar Washington ta Amurka da lardin British Columbia na Kanada, yana talla a jaridun Punjabi na Vancouver, matan da suka tashi a kansa, ciki har da na ƙungiyar mata ta India Mahila Association, sun fito ne daga al'ummar da ta riga ta saba da tattauna aibinta a bainar jama'a.

Hanyar da a ganina ta fi dacewa da wannan matsala ita ce wadda ɗan ƙasar Brazil Augusto Boal ya tsara a shekarun 1970, wadda mai shirya wasanni David Diamond ya daɗe yana aiki da ita a Vancouver, har ya yi wani wasa da 'yan asalin Indiya a 2005 a kan tashin hankalin matasa da gidajen da suke fitowa. Ana tara mutanen unguwa na kwanaki, su kawo abin da suka gani da idonsu, a gina ɗan gajeren wasa wanda yake ƙarewa a mummunan hali. A nuna shi sau ɗaya, sannan a sake farawa, a ce duk wanda ya ga inda za a iya juya al'amarin ya ce a tsaya, ya hau dandamali ya karɓi matsayin ɗan wasa ya gwada dabararsa. Sauran 'yan wasan kuwa ba za su sauƙaƙa masa ba.

Ga misalin irin fitowar da ake ginawa. Mata da miji sun dawo daga asibiti bayan ɗaukar hoton ciki, 'yan matansu biyu suna gefe suna aikin makaranta. Uwar miji tana zuba shayi, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "To, me suka ce?" Mijin ya ce, "Lafiya lau ne, Biji," wato Mama. Ta ce, "Ba lafiya na tambaya ba." Aka yi shiru. Ta mayar da kofi ɗaya cikin kabad, ta ce ita ba ta tilasta kowa, amma wa zai riƙe gonar mahaifinsa a Jalandhar, wa kuma zai sa wa gawar ɗan nata wuta ranar da mutuwa ta zo, tunda a al'adarsu ƙona gawa ake yi kuma ɗa namiji ne yake kunna wutar. Wayar mijin ta yi ƙara, ya fita amsawa. Babbar yarinyar ta daina rubutu, fensir yana hannunta, tana saurare.

Wanda ya fara hawa dandamali yawanci budurwa ce da ta tashi a can, ta karɓi matsayin matar, ta yi wa tsohuwar jawabi mai zafi a kan 'yancin mata. Zaure ya ɗauki tafi. Sai mai yin uwar miji ta ce cikin sanyin murya, "To ɗiyata, ga ƙofa, ina za ki da ciki da yara biyu?" Tafin ya mutu, domin kowa ya san gaskiya ta faɗa. Daga nan ne 'yan kallo suke fara lura da wanda ya fita amsa waya. A tsarin Boal na asali, matsayin wanda ake zalunta ake karɓa. Diamond ya sassauta wannan ya bar mutum ya karɓi matsayin duk wanda ya fahimci ƙuncinsa, kuma ga wannan batu sassaucin yana da amfani ƙwarai, domin mai mabuɗin gidan shi ne mijin, wanda ba mugu ba ne, yana son 'ya'yansa mata, amma bai taɓa ce wa mahaifiyarsa a'a ba. Magidancin da ya tsaya gaban mutanen da yake haɗuwa da su a wurin ibada, ya gwada yadda zai ce "Biji, wannan 'yata ce, kuma za mu raba alewa" ba tare da ya yi wa uwarsa rashin kunya ba, ya kasa, ya sake gwadawa, ya samu abin da babu takardar wayar da kai da za ta ba shi. Waɗanda suke zaune kuma sun ga cewa ashe maƙwabcin da ake jin kunyar idonsa shi ma abin yana cin sa.

Uwar miji ma tana buƙatar a yi mata adalci, kuma a nan ake gane gwanin marubuci. Idan aka mayar da ita mayya, tsofaffin da ke zaure za su ce ba da su ake ba. Idan kuwa aka bar ta ta faɗi cewa ita ma an wulaƙanta ta shekaru har sai da ta haifi wannan ɗan, kuma shi kaɗai ne jarinta da inshorar tsufanta a ƙasar da ba ta jin yarenta, to an taɓa inda yake ciwo. Barkwanci yana da muhallinsa: bayanin cewa jinsin ɗa daga maniyyin uba yake zuwa, ba daga uwa ba, ya fi shiga idan ɗan barkwanci ne ya jefa shi maza suka sunkuyar da kai mata suka fashe da dariya, fiye da a ce likita ne ya karanto shi.

Akwai kurakurai da suke yawan kashe irin wannan aiki. Mafi yawa shi ne wasan da ake sa ɗan tayi ya yi magana daga ciki yana roƙon uwarsa kada ta kashe shi. Yana sa kuka, amma yana ɗora laifin gaba ɗaya a kan mutumin da ya fi kowa ƙarancin iko a gidan, kuma a cikin zauren akwai matan da aka riga aka tilasta wa yin hakan. Na kusa da shi shi ne wasan da yake ƙarewa da 'yar ta zama likita ta ceci mahaifinta yayin da ɗan ya lalace da ƙwaya, kamar dai sai 'ya mace ta biya kuɗin rayuwarta da nasara kafin ta cancanci a haife ta.

Sai batun wa ake yi wa wasan. Idan da Turanci ne, a babban gidan wasa na tsakiyar birni, masu kallon yawanci baƙi ne, al'ummar kuma za ta ji an kai tsiraicinta kasuwa. Abin da ya faru a Birmingham ta Birtaniya a Disambar 2004 ya zama darasi: wata marubuciya 'yar Sikh ta yi wasa a kan cin zarafin mata wanda wani ɓangarensa yake faruwa a cikin wurin ibada, zanga-zanga ta ɓarke, aka dakatar da wasan, ita kuma ta ɓuya saboda barazana. Ba ta cancanci abin da aka yi mata ba ko kaɗan, amma muhawarar da ta biyo baya ta koma kan alfarmar wurin ibada da 'yancin faɗar albarkacin baki, matan da aka yi wasan dominsu suka ɓace a tsakani. Wasan unguwa ya fi cin nasara da Punjabi, a zauren biki ko na makaranta, da 'yan wasan da aka san iyayensu, a lokacin da tsofaffi za su iya zuwa.

Haka kuma siyasar ƙasashen tana jira a bakin ƙofa. A Fabrairun 2015 majalisar dokokin Birtaniya ta yi watsi da ƙudurin da zai haramta zubar da ciki saboda jinsi ƙarara, da ƙuri'a 292 a kan 201, kuma ƙungiyoyin matan Asiya sun rabu biyu a kansa, wasu suna ganin kariya ce, wasu suna ganin zai sa a riƙa tuhumar duk mace mai launin fatarsu a asibiti, matar da ake matsa wa kuma ta ƙara yin shiru. Majalisar Kanada ta kayar da irin wannan ƙuduri a 2021. Mai shirya wasa wanda bai yi tunanin wannan ba zai wayi gari ya ga an ɗauki aikinsa an yi hujja da shi a rigimar da ba ita ya nufa ba.

Game da tasiri, ba daidai ba ne a jingina hawa ko saukar alƙaluman haihuwa ga wasa, domin abubuwa da yawa suke tafiya tare. Koriya ta Kudu ta kai maza fiye da 116 a gefen mata 100 a 1990, ta dawo daidai cikin kimanin shekara 20, a lokacin da mutane suka koma birane, mata suka shiga aikin albashi, fansho ya rage dogaro da ɗa, aka kuma soke tsarin shugabancin iyali na namiji a 2005. A Ontario kuwa binciken 2018 ya nuna cewa gibin bai gushe ba har a tsakanin wasu matan da aka haifa a Kanada, wanda yake nuna cewa zaman ƙetare da kansa ba magani ba ne. Abin da ya dace a auna wasa da shi ƙananan abubuwa ne da ake gani a fili. Bikin Lohri na 13 ga Janairu, wanda 'yan Punjab suke kunna wuta su kewaye ta ana murna, a al'ada na gidan da aka haifi namiji ne, haka ma rabon alewar ladu. Yanzu a Brampton da Surrey da Birmingham ana samun gidajen da suke kunna wutar Lohri saboda 'ya mace, kuma yunƙurin da Raj Khaira ta fara a Birtaniya a 2015 na raba ladu mai ruwan hoda idan an haifi mace ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Idan aka ga kaka ce da kanta ta ɗauki kwalin alewar jika ta uku ta zaga da shi, ko uba ya sa sunan 'yarsa a wasiyya daidai da na ɗansa, to an motsa.

Ƙungiyar da ta san aikinta kuma ba ta sallamar jama'a da tafi kawai. Matar da wasan ya ba da labarinta za ta koma gida a mota ɗaya da uwar mijinta, kuma daren zai iya yi mata tsanani. Shi ya sa ake ajiye ma'aikaciyar jinya ko mai ba da shawara da take jin Punjabi a bayan zaure, ake liƙa lambar wayar neman taimako a banɗakin mata inda za a iya kwafe ta ba tare da an gani ba, ake kuma gaya wa mata cewa Kanada da Birtaniya da Amurka duk suna da tanadin da zai iya ba matar da ake cin zarafinta damar neman zama a ƙasar ba ta hannun mijin ba. Bayan makonni kuma a sake kiran maza su kaɗai a yi wasan daga inda mijin ya fita amsa waya.